Kamiyon Baba da Man Gyaɗar Kaka

Shekaranjiya maƙwabciyata ta ɗora man gyaɗa a wuta za ta yi tuyar ƙosai, sai hira ta riƙe ta a bakin ƙofa har man ya ƙone. Ina zaune a tsakar gida ina tsince wake warin ya tsallako katanga ya same ni. Jikokina suka toshe hanci suna tsaki, ni kuwa na ajiye faifan na buɗe hancina sosai, don wannan warin shi ne warin ubana. Kada ka yi mini dariya. Wasu da ƙamshin turare suke tuna iyayensu, wasu da warin garke. Ni ƙonannen man gyaɗa ne da ya gauraya da hayaƙin mota.

Ƙauyenmu yana ta wajen Kwaya, a ƙasar Magaria. Zamanin Nasara ne, bayan babban yaƙin da aka kwashi samari aka tafi da su. Babana yana cikin waɗanda aka kwasa, ina goye a bayan Inna. Sai da na yi wayo ya dawo, da rama, da wani tsohon kwat mai maɓallan ƙarfe, da kuma sanin tuƙin mota. Daga nan fartanya ba ta ƙara zama a hannunsa yadda ya kamata ba. Wani attajiri a Magaria ya sayi tsohon kamiyo, wato babbar motar kaya, irin na soja, ya danƙa wa Baba. Shi ya sa dukiya, Baba ya sa hannu da ƙarfi, abin da aka samu su raba.

A lokacin gyaɗa ce komai. In an cire ta an busar, aka buɗe ciniki, sai ka ga raƙuma da jakuna da shanun dako sun yi layi kan rairayi. Baba yakan bi ƙananan kasuwanni, Guci, Dungass, Mallawa, ya kwaso buhuna ya kai wurin awo a Magaria, inda manyan motoci ke ɗauka su tsallaka iyaka zuwa Kano. Tasa motar ba ta taɓa ganin Kano ba. Ba wanda zai yarda ya ɗora mata kayansa zuwa can, don kowa ya san ciwonta.

Ciwonta shan mai ne. Ba esansi nake nufi ba, wato fetur, wannan abincinta ne. Baƙin mai nake nufi, wanda ake zubawa don ƙarafan ciki su yi santsi. Sauran motoci a zuba musu su daɗe ba a sake dubawa ba. Ta Baba kuwa da safe a cika ta, kafin la'asar in ya zaro tsinken ƙarfen da ake auna man da shi, sai ya ga bakinsa kawai ya jiƙe. Man yana hawa inda wuta take ya ƙone, ya fito ta baya shuɗi, mai kauri. Baƙin mai kuma a wancan zamani sai an sha wuya ake samunsa. To a soja Baba ya taɓa ganin yadda aka yi da ya yanke musu, aka riƙa zuba man gyaɗa. Sai ya fara gaurayawa, kaɗan-kaɗan, har ya zama man gyaɗar ya fi yawa. Ka ga inda warin ya samo asali. Tun motar tana bayan tudu hancinka zai gaya maka, kuma 'yan kasuwar Guci in sun hango hayaƙin sai su ce ga mai ƙosai nan ya iso.

Man kuwa na Kaka ne, uwar Baba. Ba ta yarda ya sayi na kowa ba. Ta ce na kasuwa da ruwa a ciki, matan yanzu ba su da haƙurin barin mai ya tsane a wuta. Saboda haka duk inda ya shiga, ranar da garwar man da yake tafiya da ita ta kusa ƙarewa dole ya juyo gida, kuma garwar ba ta kai shi kasuwar mako ta zagayo. Gidanmu ya zama gidan matsar mai. Inna tana suya a kasko, ni ina murzawa ina hure ɓawon, Kaka tana kan turmi. In gyaɗar ta daku ta yi laushi, sai ta riƙa yayyafa ruwan zafi tana juyawa, tana dannawa, har man ya taso ya kwanta a kan tunkuza. Ƙuli-ƙuli kuwa ya ishe mu har ya ishi unguwa. Yaran gidanmu an san mu da sheƙin baki.

Sai na gaya maka wani abu, in ba haka ba ba za ka gane Kaka ba. Baba ɗan farinta ne. A wajenmu mace ba ta kiran sunan ɗan fari, ba ta wasa da shi, ba ta nuna masa so a gaban mutane, sau da yawa ma ba ita ke rainonsa ba. Kaka ta riƙe wannan kunya fiye da kowace tsohuwa da na sani. Ban taɓa jin ta yi masa magana kai tsaye ba. In ya durƙusa a ƙofar ɗakinta ya gaishe ta, takan amsa ne tana kallon bango. An ce ranar da aka tafi da shi soja ba ta fito ba, ranar da ya dawo ma ba ta fito ba, sai dai ta yi kwanaki ba ta iya cin tuwo. In tana da magana da shi, ni take kira.

"Ƙawata, zo. Ki ce wa ubanki garwar ta cika."

Shi kuma yana tsaye a wurin, taku kaɗan tsakaninsu, sai ya dube ni ya ce, "Ki ce mata an gode, Allah ya ƙara lafiya."

Ina yarinya na ɗauka wasa ne suke yi da ni. Sai da na girma na gane cewa wannan garwar ita ce duk maganar da take da ikon yi masa, kuma da ita take jawo shi gida.

Ranakun zuwansa su ne ranakuna a wurina. Yakan tsayar da motar a gindin gawon ƙofar gida, ya buɗe murfin inji, ya kwance wasu 'yan ƙarafa masu farin kai da suke ce wa buji, waɗanda ke ba da wuta. Kullum jiƙe suke da mai, baƙi ƙirin. Sai ya zuba mini su a ƙoƙo in kai murhun Inna, a tura su cikin garwashi man ya ƙone, in dawo da su ya kankare da waya. Muna zaune a gindin taya yana yi yana ba ni labarin teku, wai ruwa ne da ba a hango ƙarshensa, ni ina cewa ƙarya ne, yana dariya. Dariyar ce ke tayar masa da tari. Yakan juya baya ya yi ta yi har idanunsa su kawo ruwa, sannan ya ce ƙura ce. Ba ƙura ba ce. Katakon gaban motar duk ya tsattsage, hayaƙin yana shigowa ta ƙarƙashin ƙafafunsa, a ciki yake wuni.

A ƙarshen cinikin wata shekara, attajirin ya kira shi. Ya ce ya gaji da ganin kayansa a motocin wasu. Zai sa a kawo ƙarafa sababbi daga Kano a gyara kamiyon gyara na gaske, in ta miƙe ya ɗora Baba kan doguwar hanya: Kano, Jos, har ƙasar kurmi inda goro yake. Baba ya dawo da labarin fuskarsa a sake, yana faɗa wa Inna a tsakar gida da ƙarfi don ta cikin ɗaki ta ji. Ta kuwa ji. Da yamma ta kira ni.

"Ki ce wa ubanki, motar da ke kai shi tana dawo da shi, me ta yi za a farke mata ciki?"

Na kai saƙo. Ya yi murmushi ya ce in ce mata ta tsufa ne, tana son magani. Kaka ta ce ita ma ta tsufa, ba wanda ya farke ta. Ni dai ina bayan Kaka ɗari bisa ɗari, don na gane abin da ta gane. Motar da ba ta shan mai ba ta da abin da zai dawo da ita ƙofar gidanmu.

Bazara ta yi nisa makaniken da zai yi gyaran ya zo. Abokin Baba ne tun a soja, yana aiki a wani garaji a Damagaram. Gajere ne mai ƙaton ciki da yawan raha, ya iso da akwatin ƙarfe da wani ƙunshi da ba ya bari kowa ya taɓa. Suka haƙa rami a ƙarƙashin motar, suka shimfiɗa tabarmi a gindin gawo, suka kafa zana ta gefen da iska ke kawo rairayi. Suka tsiyaye man, ya fito da kauri yana jan zare. Suka ɗaga kan injin, suka zaro abubuwan ciki ɗaya bayan ɗaya suna jerawa a tabarma, kowane a gurbinsa, wanda ya matsar da ko ƙusa ya sha faɗa. Duk ƙauyen ya zo kallo. Tsofaffi suka kawo buzayensu suka zauna suna ba da shawara kan abin da ba su taɓa gani ba.

Kaka ba ta leƙo ba. Ta sa masa suna mahauci. Baƙo ne, dole a ba shi abinci, amma ita ke raba miya, kuma na rantse maka miyar da aka kai masa ranar farko ko ɗigon mai babu, a gidan da mai ya cika tukwane. Ya ci ya side hannu, ya aiko ni in ce wa Iya miya ta yi daɗi, sai dai da alama mota ta rigaye shi shanye man. Kaka ta yi tsaki, amma na ga gefen bakinta ya motsa.

Wani hantsi suna zaune, makaniken ya ɗauki ɗaya daga cikin manyan ƙarafan nan masu kama da ƙaramin turmi, waɗanda ke hawa da sauka a cikin inji. Kansa ya yi ɓawo baƙi mai kauri kamar ƙanzon tukunya. A jikinsa akwai zobba na ƙarfe, segma suke ce musu, su ne ke tare mai kada ya hau sama. Ya sa farce ya taɓa su, ko motsi ba su yi ba.

"Mutumina, ka ga aikinka?" in ji shi. "Da ma sun cinye, man gyaɗa kuma ya ƙarasa su. Na miya ne shi. In ya ji zafin inji sai ya yi danƙo ya kama su. Kana zubawa tana ƙara sha, tana sha kana ƙara zubawa. Wannan baƙin da ka gani a kan ƙarfe kuwa, irinsa ne a ƙirjinka."

Baba ya waiga wajen danga ya ce masa ya yi a hankali. Amma ya makara. A bayan dangar Kaka take daka, kuma taɓaryar ta tsaya. Na jira ta ci gaba, ba ta ci gaba ba. Da na shiga na tarar Inna ta karɓi dakan, Kaka tana ɗaki ta saki labule da rana tsaka. Ranar ba ta aike ni ko'ina ba.

Aikin ya yi ta tafiya. Suka kankare ɓawon, suka wanke komai da kananzir, suka sa sababbin zobba. Saura na kan injin. Makaniken ya ce man yana da hanya biyu, ta ƙasa da ta sama, sun toshe ta ƙasa. Ta sama wasu ƙarafa ne masu dogon wuya da faffaɗan kai kamar ludayin da aka baje, supap, masu buɗewa da rufewa. Ya kawo sababbi da bututun da suke zama ciki, amma sabo ba ya zama a tsohon gurbi sai an wasa su tare. Za a shafa wani baƙin kwaɓi mai tsakuwa-tsakuwa a bakin ƙarfen, a ɗora shi a gurbinsa, a kama shi da ɗan sanda a yi ta murzawa tsakanin tafin hannu, a ɗaga, a juya, a sake murzawa, har bakin ya yi zobe fari sumul. Ɗaya kawai yana cin rabin wuni, ga su da yawa.

A nan ne Baba ya kwanta. Warin kananzir da ƙurar ɓawon da suka kankare suka tayar masa da ƙirji, zazzaɓi ya biyo baya. Da asuba in ya fito alwala sai ya dafa bango ya yi ta tari, abin da yake tofarwa baƙi ne. Ga gawo ya fara zubar da ganye, ka san shi da damina ba sa haɗuwa, in ya fara tsiraita ruwa ya kusa. Gabas kullum da yamma sai ta haɗa baƙi. Makaniken ya shigo zaure ya duba abokinsa, ya faɗa masa gaskiya. Maigidansa na garaji bai ba shi kwanaki da yawa ba, kuma dole ya bi motar ranar kasuwar Magaria kafin hanya ta yanke. Shi kaɗai ba zai gama wasa ƙarafan nan ya kuma haɗa inji ba, kuma ba zai bar shi a buɗe ruwa ya same shi ba.

"In lokaci ya ƙure sai in mayar da tsofaffin," ya ce. "Za ta tashi, za ta yi maka ƙananan kasuwanninka. Hayaƙin zai ragu, amma ba zai tafi ba. Doguwar hanya kuwa ka manta da ita."

Ina wurin na ji, kuma ba zan ɓoye maka ba, daɗi ya kama ni. Na ruga na gaya wa Kaka a kunne cewa mahauci ya kasa, Baba ba zai tafi ba. Na zaci za ta yi murna. Ta dube ni kawai, sannan ta karkata kai wajen zaure inda tarin ke fitowa, ta daɗe a haka.

Washegari da hantsi na ga abin da ban taɓa gani ba. Kaka ta yafa zanenta na saƙi, ta ratsa zaure ta gefen ɗanta da ke kwance ba ta dube shi ba, ta fito ƙofar gida inda maza ke zaune. Tsofaffin suka matsa mata. Ta tsaya kan makaniken tana kallon hannunsa yana murza sandan.

"Kai ɗan nan, wannan ne aikin da ya gagare ku?"

"Shi ne, Iya."

"Ai burga miya ce. Matsa."

Ya so ya yi gardama, ta riga ta zauna ta miƙe ƙafafu, ta sa aka jawo mata kan injin gabanta. Ya nuna mata yawan kwaɓin da ake shafawa, da yadda ake ɗagawa a juya, da yadda za ta kiyaye kada tsakuwar ta gangara cikin bututun. Ta kama sandan yadda take kama maburgi. Da farko ta danna da ƙarfi, ya ce ta sassauta. Ta biyu ta karkata, ya gyara mata. Daga nan hannun ya gane hanya. Sautin yana farawa da ƙaiƙayi kamar ana niƙa, a hankali ya koma laushi, in ya koma laushi sai ta ɗaga ta miƙa masa ya goge ya duba a rana. Shi kuma ya koma ƙarƙashin mota yana haɗa nasa.

Na tsaya a kanta zuciyata tana tafasa. Da mutane suka tashi sallar azahar na durƙusa kusa da ita na ce, "Kaka, in ta gyaru fa tafiya zai yi."

"Na sani."

"To don me kike yi?"

"Kawo mini ruwa in sha, ƙawata."

Ban kawo ba. Na tafi bayan rumbu na yi kukana, na ƙi cin abincin rana, na yi alkawarin ba zan ƙara kai mata saƙo ba. Ina jin sautin murzawar daga can, bai tsaya ba. Haka ta yi wunin ranar, da na washegari, da wanda ya biyo. Hannun da ya saba da taɓarya ba ƙaramin abu ke fasa shi ba, amma sandan nan siriri ne, wuri ɗaya yake ci. Tafinta ya yi ƙuraje, suka fashe, ta naɗe da tsumma ta ci gaba. Inna ta roƙe ta ta karɓe ta, ta ce a'a, ta je ta kula da mai ciwo. Baba da ya ji sauƙi ya fito bakin zaure ya zauna. Ba shi da halin ce mata ta bari, ita ba ta da halin ɗago kai. Ya zauna yana kallon hannun uwarsa, ban taɓa ganin babba ya rasa inda zai sa fuskarsa irin na ranar ba.

Ana jajibirin kasuwar aka rufe injin. Aka zuba baƙin mai sabo daga garwar da attajirin ya aiko, makaniken ya yi wa Baba kashedi a gaban kowa kada ya kuskura ya ƙara masa komai. Ya sa ƙarfen tayarwa a gaba ya juya, motar ta yi atishawa, ya sake juyawa, ta kama. Da farko ta fitar da hayaƙi, na yi murna a raina, na ce ba ta gyaru ba. Sai hayaƙin ya yi ta sirancewa har ya ɓace. Makaniken ya cire farar hularsa ya kara a bakin bututun hayaƙi, ya ɗan jima, ya ɗaga wa mutane. Fara take. Aka yi ta sa albarka. Kaka ba ta tsaya ganin hular ba, tun da motar ta kama ta tashi ta shige gida. Ranar miyar makaniken mai har yawo yake yi a kai.

Ruwa ya sauka bayan tafiyar makaniken, hanyoyi suka yanke, aka lulluɓe motar da zana. Wannan daminar ita ce kaɗai na samu ubana cikakke. Ya bi mu gona, yana noma kunya a karkace ana yi masa dariya. Tarin ya yi ta raguwa, ya yi ƙiba, wuyansa ya cika. Da yamma in an dawo yakan zauna a tsakar gida yana gyara mana fitila ko ƙotar fartanya, Kaka tana ƙofar ɗakinta tana kaɗi, ta ba shi gefe, ba ta shiga ciki. Ni na san kwanakin ƙidayayyu ne, don haka ko wasa ban cika fita ba. Har yau in gero ya fara fitar da kai sai in tuna da wannan daminar, don a shekarar nan fitar kansa ce ta gaya mini lokaci ya zo.

Da aka cire gyaɗa hanya ta bushe, ya shirya. Ranar tafiya ya zo ƙofar ɗakinta ya durƙusa, da tsohuwar garwar a hannunsa. Na riga na huce, ina tsaye tsakaninsu kamar kullum.

"Ki ce mata a cika mini garwar," ya ce.

Ya san ba ya bukata, ita ma ta san ya sani. Man kuwa yana nan a tukunya, jiya aka matsa. Ta daɗe tana kallon bango.

"Ki ce masa babu. Ki ce masa Allah ya kiyaye hanya."

Ya ajiye garwar a nan bakin ƙofa ya tashi. Motar ta fita ba hayaƙi, ta haye tudu, muka daina ganinta tun muna jin ƙararta.

Shekarar farko ya zo sallah ƙarama da babba, da goro da atamfa da gishiri. Daga baya sai sau ɗaya a shekara, wani lokacin saƙo kawai. Ba mugunta ba ce, hanya ce ta yi tsawo, kuma motar ba ta gajiya. Turmin mai ya koma na ranar kasuwa kawai. Duk fatake ko 'yan ci-rani da suka dawo daga kudu suka ce sun gamu da shi, Kaka ba ta tambayar ko ya samu, ko yaushe zai zo. Takan sa ni in tambaye su abu ɗaya: da kuka zauna da shi, kun ji yana tari?

A shekarun da ake ta maganar Nasara za su tafi ne ta kwanta ciwon da ba ta tashi ba. An aika masa, amma saƙo a lokacin a ƙafa yake tafiya. Da ta ga ba za su gana ba ta kira ni, na riga na zama budurwa, ta ce, "Ƙawata, in ubanki ya zo, ki zauna kusa da shi ki saurara mini ƙirjinsa."

Ya iso an riga an share makoki. Ya shigo, ya zauna a ƙofar ɗakinta, inda ya saba durƙusawa, tun hantsi har rana ta yi sanyi. Ya yi kuka irin na manya, mai girgiza kafaɗa, mai jan numfashi daga can ƙasa. Na zauna kusa da shi kamar yadda aka sa ni, na kasa kunne. Duk tsawon wunin nan bai yi tari ko sau ɗaya ba. A cikin aike-aiken da ta yi mini, wannan ne kaɗai ban samu inda zan kai amsarsa ba.

Yanzu an shimfiɗa kwalta, babura sun cika ƙauyen, yaro ya je Magaria ya dawo kafin tuwo ya nuna. Matan yau suna kiran 'ya'yansu na fari da suna, suna rungume su a bainar jama'a. Nakan yi musu tsiya in ce ba su da kunya, amma a raina ina cewa sun huta. Ni dai ban iya ba. Nawa ɗan farin shi ma tuƙi yake yi, can hanyar arewa, sai ya yi watanni ban sa shi a ido ba. In ya bugo waya jikata takan kara mini a kunne. Nakan tambaye shi lafiyar motar, sai in yi shiru in bar shi ya yi ta magana. Jikar takan ƙosa ta ce, "Kaka, ki ce wani abu mana, katinsa zai ƙare." Nakan ɗaga mata hannu ta dakata, don ban gama saurara ba.